Arewa ko Kudu: Kano, Kaduna, Legas, Ibadan da Fatakwal a ma'auni ga mai shirin ƙaura

Masu wannan shawara iri biyu ne. Akwai mutumin Kano ko Katsina da aka yi wa tayin aiki a Legas, ko ɗan'uwansa ya kira shi kasuwar Mile 12 ta can su haɗa jari. Akwai kuma wanda aka haifa a Agege ko a unguwar Sabo ta Ibadan, ko ya daɗe yana nema a Fatakwal, yanzu yana tunanin kwashe iyali ya dawo gida. Dukansu sukan fara da tambayar ina aka fi samun kuɗi. Tambayar da za ta fi yi musu amfani ita ce nawa ke saura a hannu bayan an fitar da haya, kuɗin mota, cefane, makaranta da zuwa gida. Amsar mai tafiya shi kaɗai kuma daban take da ta mai tafiya da mata da yara, har ma sau da yawa garin da ya dace da na farkon shi ne zai karya na biyun.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne kuɗin shiga gari, wanda ya wuce haya kawai. A ce ka sami gida na naira 1,000,000 a shekara. A Kano abin da aka saba shi ne ka ƙara la'adar dillali, yawanci kashi 10 cikin 100, ka karɓi makulli. A Legas za ka biya ta wakilin gida kashi 10, ta lauyan da ya rubuta yarjejeniya kashi 10, sannan kuɗin ajiya na ɓarna, wanda da wuya ya dawo hannunka cikakke ranar tashi. Wato miliyan ɗayan ta zama 1,300,000 kafin ka shimfiɗa tabarma, kuma wakilai da yawa suna wuce wannan ƙa'ida.

Na biyu, abin da ke saura a ƙarshen wata. Bayan an mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a 2024, Legas da Ribas sun sa nasu 85,000, Oyo 80,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000. Tsakanin Legas da Kano bambancin naira 14,000 ne, alhali kuɗin motar wanda ke fita daga Agege zuwa tsibirin Legas kullum ya ninka wannan a wata guda. Ga ƙaramin ma'aikaci ke nan. Ga ƙwararre a kamfani ko mai sana'ar hannu da ake nema, tazarar samu tana da faɗi sosai, kuma a nan Kudu ke cin nasara.

Na uku, ko dokar jihar ta yarda da sana'arka. Mutane da yawa sun tafi da babur sun dawo babu shi.

Sauran su ne yanayi, da abin da yake yi wa jiki da kaya. Matsayinka na baƙo a wajen makaranta, kotu da fili. Sai haɗari da nisan gida ranar da aka kira ka cikin dare.

Kano

Ga mai jari a kayan da tushensu Arewa ne, babu garin da ya kai Kano. Dawanau ta hatsi, riɗi, zoɓo da citta. Kantin Kwari ta atamfa da shadda. Singa ta kayan masarufi. Wambai, Ƙofar Ruwa, 'Yankaba, Farm Centre ta wayoyi. Masu saye suna zuwa daga Nijar, Chadi da Kamaru. Matsalar ita ce kowa ya san wannan, don haka riba a kan kowane kaya siririya ce, sai an juya kaya da yawa. Ciniki kuma da bashi yake tafiya. Wanda ya saba da kasuwar Legas ta biya-ka-ɗauka, idan ya dawo da jarinsa ya raba kaya ga 'yan'uwa da abokan yarinta, cikin shekara guda zai tarar rabin jarin yana hannun mutanen da ba zai iya kai su ƙara ba. Wannan ne ya fi kayar da masu dawowa gida, fiye da tsadar kaya ko rashin wuta.

Haya da cefane su ne ƙarfin Kano. Abin da zai kama maka ɗaki ɗaya mai banɗakin haɗaka a Legas zai iya kama ciki da falo a unguwannin gefen gari irin su Rijiyar Zaki, Ɗorayi ko Mariri. Masara, gero, wake, nama da kayan miya duk a kusa da gonarsu kake sayensu. Fetur da gas ɗin girki kuwa sun fi tsada a nan, domin tun da aka janye tallafi a Mayun 2023 kuɗin dakon mai daga bakin teku a kan mai saye yake faɗawa.

Fili yana samuwa, amma a bambanta awon gwamnati da awon igiya. Na awon igiya ya fi araha, sai dai ba shi da tabbacin hanya ko magudanar ruwa, kuma banki ba ya karɓar takardarsa. Kafin ka biya, a duba matsayin filin a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar, a sa mai unguwa da maƙwabta na kowane ɓangare su shaida iyaka, idan na gado ne a ga takardar rabo daga kotu. Rusau ɗin da aka yi a 2023 ya nuna cewa takardar gwamnati ma sai an duba a kan wane irin fili aka bayar da ita.

Wuta da ruwa su ne raunin garin. Ruwan famfo bai isa yawancin unguwanni ba, sai 'yan garuwa ko burtsatse. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da jihohi da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai walda, mai injin niƙa ko mai ƙanƙara dole ya sa kuɗin dizal ko sola a lissafinsa tun farko. Abin da ke rage zafin wannan shi ne sola ta fi ba da wuta a Kano fiye da bakin teku, saboda rana ta fi yawa. Aikinka shi ne goge ƙura daga faranti akai-akai a lokacin hunturu, da ajiye batura a wuri mai iska, don zafin bazara yana rage musu kwana.

Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Yaran da aka haifa a Kudu suna shan wuya a bazararsu ta farko, kuma lokacin ne na sanƙarau. A kammala musu rigakafi kafin a taso, musamman ganin ɓarkewar mashaƙo da ta fi ƙamari a Kano a 2023. Mai asma zai sha fama da ƙurar Disamba da Janairu. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni tun 2013, adaidaita sahu ce abin hawa.

Kaduna

Kaduna ta fi dacewa da ma'aikaci da mai ritaya fiye da ɗan kasuwa. Masaƙun Kakuri da suka riƙe garin sun daɗe da rufewa, kasuwarta kuma ba ta kai ta Kano juyawa ba. Abin da take da shi shi ne matsakaicin yanayi, da ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, da makarantu da asibitoci: Barau Dikko, asibitin ido na ƙasa, asibitin kunne, ga asibitin koyarwa na Shika da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Wanda aikinsa ke Abuja amma hayar Abuja ta fi ƙarfinsa yakan ajiye iyali a nan ya riƙa bin jirgin Rigasa zuwa Idu.

Tun rikicin shekara ta 2000 zaman garin ya rabu kusan bisa kogi: Musulmi sun fi yawa a Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Unguwar Dosa da Malali, Kirista a Sabon Tasha, Television da Narayi, Barnawa kuma gauraye. Baƙo ya san wannan kafin ya kama gida. Haɗarin garin a gefensa yake da kan hanyoyinsa. Harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da shi har Disamba. Fuloti mai arha a ƙarshen gari, inda babu maƙwabta, arharsa tana da dalili.

Legas

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne aka fi samu kuma nan ne aka fi yin asara.

Legas tana biyan kuɗi hannu. Tashoshin Apapa da Tin Can, sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023, matatar Dangote a Ibeju-Lekki, hedikwatocin bankuna da kamfanonin sadarwa, duk suna nan. Mutanen Arewa sun riƙe sassa sanannu: kayan gwari a Mile 12, shanu da raguna a Kara da ke kan iyakar Legas da Ogun da kuma kwatar Oko-Oba, canji, tireda, gadi, tuƙin tirela da tanka, tsire da shayi. Mai kawo tumatir da albasa yana sayar da su a inda masu ci suka fi yawa kuma suka fi kuɗi. Sai dai kayan gwari ba sa jira: mota ta lalace kwana biyu tsakanin Makwa da Jebba, kwandunan sun zama asara. Wanda bai da wakilin da ya amince da shi a can gona da kuma nan kasuwa, kada ya fara da nasa jari.

Batun babur a fili yake. Daga 1 ga Yunin 2022 an hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi, ba tara ake biya a karɓo ba. Talla a kan manyan tituna da turin kurar shara su ma haramtattu ne. Rumfar da aka kafa a filin da ba takarda kuwa ranar da gwamnati ta buƙaci wurin za a tashe ta, kamar yadda 'yan kasuwar Alaba Rago suka gani. Duk wanda zai tafi da niyyar ɗaya daga waɗannan sana'o'i, ya lissafa jarin a matsayin abin da zai iya ɓacewa rana ɗaya.

Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA, amma har yanzu akwai masu neman na shekara biyu. Damfarar da aka fi yi wa baƙi ita ce a nuna wa mutum goma gida ɗaya a karɓi kuɗinsu duka. Kada ka biya wakili. Ka ga mai gidan ido da ido, ka tambayi 'yan hayar da ke ciki, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusu mai sunan da ke kan yarjejeniya. Ka je duba gida a Yuni ko Yuli, ka dubi layin da ruwa ya bari a jikin katanga, domin gidan da ya yi kyau a Janairu yana iya zama tafki da damina, musamman a Lekki, Ajah da unguwannin bakin ruwa. Ka ɗanɗana ruwan burtsatsen gidan. A yankin Lekki sau da yawa yana da gishiri ko tsatsa, sai an sayi na sha da na girki.

Zaɓen unguwa ya fi zaɓen gida muhimmanci. Agege, Idi-Araba da Obalende suna da masallatai, Islamiyyu, makabarta da sarakunan Hausawa, matar aure ba za ta rasa maƙwabciyar da za su gaisa da Hausa ba. Amma idan aikinka na tsibiri ne ko Lekki, awa biyu zuwa uku a cunkoso safe da yamma ba abin mamaki ba ne. Jirgin ƙasa na jan layi da ya fara aiki a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo ya ratsa Agege, ya kuma sauƙaƙa wa mazauna wannan ɓangare.

Sayen fili a Legas aiki ne na lauya da safiyo. Iyalan da ke da'awar gadon ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, sukan sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, sannan su dawo neman kuɗin aza harsashi, na zuba dakin, da na rufi, duk da dokar da jihar ta kafa a kansu a 2016. A duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riƙe wa kanta, a nemi amincewar gwamna a kan cinikin. Ƙasar fadama kuma tana cin kuɗin harsashi ninkin abin da magini ya saba a Kano.

Danshi da iskar teku suna cin kaya. Ƙarƙashin mota da ƙofar ƙarfe suna tsatsa, takalmin fata da manyan riguna suna fumfuna a cikin akwati, buhun wake ko masara da zai yi watanni lafiya a Dawanau yana ƙwari cikin ɗan lokaci. Ba a tara hatsin shekara a Legas yadda ake yi a gida. Sauro kuma babu hutu, zazzaɓi duk shekara ne, ba na damina kaɗai ba. Ta fannin wuta Legas ta fi Kano, amma unguwannin rukunin A da ake yi wa alƙawarin awa 20 an kai musu farashi naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, don haka a tambayi rukunin gida kafin a kama.

Game da iyali: a yi katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar, da wuri, ana nemansa a makarantun gwamnati da wasu hidimomi. Yarbanci darasi ne na dole a makarantun jihar bisa dokar 2018, wanda riba ce ga yaron da zai zauna. Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas a Yunin 2022. Babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati. Akwai kwamitocin sulhu masu zaman kansu, amma hukuncinsu sai da yardar ɓangarorin biyu. Mai gida ko shago a Legas ya rubuta dukiyarsa da shaidu tun yana raye, ya ajiye takardu inda iyali suka sani, domin rabon gadon da ya ratsa jihohi biyu yana ɗaukar shekaru.

Ibadan

Ibadan ce zaɓin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganinmu ita ce ta fi dacewa da mai son zaman Kudu tare da iyali. Unguwar Sabo ta haura shekara ɗari da kafuwa. Musulmi suna da yawa a cikin 'yan gari, kiran salla ba baƙon abu ba ne. Haya ta yi ƙasa da ta Legas sosai, cunkoso da sauƙi, doya, garin rogo da manja da araha, ga asibitin koyarwa na UCH da jami'ar da aka kafa a 1948. Legas kimanin kilomita 130 ce, kuma tun 2021 jirgin ƙasa yana tashi daga Moniya zuwa Ebute Metta. Bodija, Shasha da Akinyele su ne wuraren kayan Arewa.

Kuɗi ba ya gudu a nan kamar Legas, masu saye suna da tsananin taya kaya, kuma ba Yarbanci ciniki ba ya nisa. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, wanda ya tashi daga saɓani tsakanin mutum biyu ya ƙare da ƙona shaguna da gidaje, darasi ne ga mai tara dukan jarinsa da iyalinsa a cikin kasuwa ɗaya. Gida daban, shago daban, kuɗi a banki. Mai dabbobi ya sani cewa Oyo ta hana kiwon sake tun 2019, wasu jihohin Kudu suka bi a 2021.

Fatakwal

Gari ne na mai tafiya da aiki a hannu. Albashin kamfanonin mai, na tashar jiragen ruwa ta Onne da na masana'antun Eleme yana da kyau, amma ƙananan ayyuka al'ummomin da kamfani ke ƙasarsu ake fara ba wa. Kayan abinci na Arewa suna da daraja saboda nisa. Haya da cefane suna da tsada, ruwan sama ya haura milimita 2,000, kuma baƙin hayaƙin da ya addabi garin daga 2016 ya sa mai ciwon ƙirji ya yi tunani sau biyu. Musulmi tsiraru ne, Islamiyya sai an nema, harshen titi Turancin buroka ne. An daɗe da hana acaɓa a cikin birni.

Babban abin dubawa shi ne hanyar gida. Ko dai ka bi ta Inugu da Makurɗi, ko ta Anaca da jihar Edo zuwa Lakwaja. Zaman gida na tilas na ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas a Agustan 2021 ya sa direbobi suna kauce wa ranar. Kisan matafiya 16 a Uromi a Maris 2025, mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano hutun salla, ya isa gargaɗi: a hau motar tasha mai rajistar fasinja, a riƙe katin shaida, kada a ɗauki wani abu mai kama da makami, kada a hau bayan tirela.

Abuja ba ta cikin wannan jeri saboda lissafinta daban ne, amma a taƙaice hayarta irin ta Legas ce, cinikinta bai kai na Legas ba, sai dai gida kusa ne. Yawancin masu ƙaramin ƙarfi a Mararaba, Suleja, Gwagwa ko Dei-Dei suke kwana.

| Ma'auni | Kano | Kaduna | Legas | Ibadan | Fatakwal |
|---|---|---|---|---|---|
| Mafi ƙarancin albashin jiha, 2024 | 71,000 | 72,000 | 85,000 | 80,000 | 85,000 |
| Haya da kuɗin shiga | sauƙi | matsakaici | mafi tsada | matsakaici | tsada |
| Hatsi, nama, kayan miya | mafi araha | araha | tsada | matsakaici | mafi tsada |
| Samun kuɗi hannu | sai da jari | kaɗan | mafi yawa | matsakaici | sai da aiki a hannu |
| Abin da ke lalata kaya | zafi da ƙura | kaɗan | tsatsa da fumfuna | danshi | tsatsa da fumfuna |
| Kotun shari'a | akwai | akwai | babu | babu | babu |
| Babban haɗari | bashi, gobarar kasuwa, wuta | gefen gari da hanyoyi | damfara, kamen hukuma, ambaliya | rikicin kasuwa | hanyar gida |

Takardar asali da makomar yara

Wannan ba ya cikin lissafin wata, amma yana fitowa bayan shekara goma sha biyar. Haihuwa a Legas ba ta mayar da yaro ɗan asalin Legas. Takardar ƙaramar hukumar mahaifinsa za a nema wajen shiga jami'a, aikin soja, ɗan sanda ko aikin gwamnatin tarayya. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimi, kuma asalin jiha ake dubawa, ba wurin zama ba. Jami'o'in jihohi da yawa suna cajin baƙo fiye da ɗan jiha. Don haka mazaunin Kudu ya kai yaransa garinsu tun suna ƙanana, dagaci da mai unguwa su san su, a karɓi takardar tun kafin ranar buƙata. Yaron da ya tashi da Hausa, Yarbanci da Turanci kuwa ya sami jarin da ba ya ƙonewa a kasuwa.

Yadda ake tashi

Tsakanin Kano da Legas kimanin kilomita 1,000 ne, awa ɗaya da rabi a jirgin sama, yini da dare a mota. Mai iyaye tsofaffi ya ware kuɗin tikitin jirgi na gaggawa, ya ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na tsadar zaman Kudu, tare da kuɗin motar salla biyu, wanda ke tashi daidai lokacin da kowa ke son tafiya.

Maigida ya fara tafiya shi kaɗai, ya ga damina ɗaya idan Kudu za shi, ko bazara ɗaya idan Arewa zai dawo, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Tsarin ci-rani da aka gada ke nan, kuma har yanzu shi ne gwaji mafi arha. Kada a sayar da gida ko gona kafin wannan wa'adi ya cika. Iyali su biyo baya a hutun Agusta, yara su fara sabuwar shekarar karatu a Satumba da takardar canjin makaranta da sakamakonsu a hannu. Gadaje, kujeru da kabad a sayar a sayi wasu can: katakon da aka haɗa a danshin Legas yana tsagewa a hunturun Kano, kuɗin dakonsa kuma ya kusa kuɗinsa. Mai dawowa Arewa yana da sa'a ɗaya, wato motocin da suka sauke kaya a Mile 12 ko Bodija suna neman lodin komawa, dakon ya fi sauƙi. A rufe kaya da tamfol, a rubuta jerinsu, a karɓi lambar mota da ta direba ta hannun shugabannin tasha. Inshorar lafiya ta jiha ba ta bin mutum zuwa wata jiha, sai an sake rajista. A sauya wurin zaɓe a ofishin INEC da adireshin banki.

Wa ya dace da ina

Saurayi ko magidanci mai sana'ar hannu da ake nema, kamar walda, gyaran sola, tuƙin babbar mota ko ɗinki, wanda zai iya zama shi kaɗai ya riƙa turo kuɗi: Legas, iyali a gida. Mai takardar ɗaukar aiki daga kamfani ya karɓa idan albashin zai biya hayar kusa da wurin aiki; idan sai ya kwana a wata jiha ya riƙa shigowa, ya sake lissafi. Mai niyyar acaɓa ko talla a titi kada ya nufi Legas ko Fatakwal.

Mai son zaman Kudu da mata da yara, da matsakaicin jari a kayan abinci: Ibadan. Fatakwal sai ga wanda aiki ko amintaccen maigida ke jiransa.

Mai jari a hatsi, yadi ko kayan masarufi, da mai yara da yawa da albashinsa ba ya canzawa ko ina yake, kamar ma'aikacin tarayya ko mai aiki ta intanet: Kano, da sharaɗin sola da rijiya, da ƙa'idar bashi da zai kafa tun ranar farko. Mai ritaya, mai aiki a Abuja, da wanda ya daɗe a Kudu har yaransa ba za su jure zafin Kano ba: Kaduna, a cikin gari. Wanda kasuwancinsa ya kafu a Legas amma hankalinsa ya koma gida, kada ya rufe shago. Ya mayar da iyali Arewa, ya bar amintacce a kan kaya, ya riƙa zuwa yana duba lissafi har ya ga ko sabon wurin zai iya ɗaukar gidan shi kaɗai.